Tambayoyi da amsoshi kan Apple II: waye ke amsawa, ROM ɗin ciki ko na kati?

Tambayoyin nan su ne waɗanda aka fi yi min tun da na fara tono a cikin tsohuwar kwamfutar nan Apple II, kan yadda take canja ROM (cip ɗin da manhaja ke ƙone a ciki) tsakanin na cikinta da na katunan da ake soka mata, wasu kuma ni da kaina na yi ta yi wa kaina su cikin dare. Na tattara su waje ɗaya. In ka ga alamar $ a gaban lamba to lissafin heks ne, wato na sha shida-sha shida, haka masu firosesa 6502 suke rubutawa.

Malam wai mene ne ma ake canjawa? Ba ROM ɗaya ne a kwamfutar ba?

A'a ba ɗaya ba ne. Firosesan da ke cikin Apple II, MOS 6502, wayoyin adireshi 16 gare shi, ke nan ƙofa 65,536 kacal yake iya ƙwanƙwasawa, 64K. A cikin wannan ɗan filin za a cusa RAM, da harshen BASIC, da monita (ƙaramar manhajar ROM da ake leƙa adireshi da ita, ba sikirin ba), da kibod, da allo, sannan kowane kati da ka soka a silot shi ma ya zo da tashi manhajar a ƙone cikin cip ɗinsa, ita ake kira famwaya. Filin bai isa ba. To sai aka koma raba adireshi ɗaya ga mutum biyu ko fiye, wannan ya shiga wancan ya fita.

Abun da ya kamata ka riƙe shi ne firosesan bai san komai a kai ba. Shi dai ya kira lamba, duk wanda ya amsa shi ne mai gida. Ya kira $C600, ko katin disk ne ya miƙo bayit ko ROM ɗin madabod, shi ba ruwansa, karɓa zai yi ya aiwatar. Duk maganar canjin nan maganar wa aka bari ya amsa ce, wa aka rufe wa baki.

To ina ne filin katunan yake?

Daga $C000 zuwa $CFFF, 4K. Apple II ta 1977 da II Plus ta 1979 silot takwas gare su, 0 zuwa 7, kowanne fil 50. Steve Wozniak ya yanka filin kashi uku. Kowane silot na da bayit 16 na magana da na'urar da ke kan katin, daga $C080 ake ƙirgawa, silot 6 misali nasa $C0E0 zuwa $C0EF. Sai bayit 256 na famwaya ga silot 1 zuwa 7, lambar silot ɗin tana cikin adireshin ƙiri-ƙiri, silot 1 $C100, silot 6 $C600, silot 7 $C700. Silot 0 bai samu wannan ba don inda zai zauna ɗin nan ne kibod da sauran makunnai suke. Sai na ukun, $C800 zuwa $CFFF, 2K, wanda na kowa ne kuma ba na kowa ba.

Daɗin tsarin shi ne madabod ce ke fassara adireshin ta taɓa katin ta wayarsa ta musamman, fil na 1 in an kira shafinsa na bayit 256, fil na 41 in an kira bayit 16 ɗinsa. Mai ƙera kati ba sai ya sa wasu cip-cip na gane adireshi ba, mai saye kuma ba sai ya zauna yana saita jamfa ba. Shi ya sa katunan suka yi araha suka yi yawa.

Bayit 256? Me za a rubuta a ciki don Allah?

Kar ka raina. Katin Disk II na 1978 duk abun da ke tayar da kwamfuta daga faifai a cikin 256 ɗin nan yake, ya kunna mota, ya ja kan na'urar baya zuwa layin sifili, wannan ƙarar gargar ɗin da kake ji ke nan, ya karanto sekta ta farko ya zuba a RAM ya yi tsalle can. Amma gaskiya ga katin firinta ko na siriyal ko na allo mai harafi 80 ba ta isa, shi ya sa aka tanadi 2K ɗin can na tarayya.

Yauwa wannan 2K ɗin, in kati uku duk suna da ROM a $C800 ya ake yi ba sa karo?

Nan ne wajen da ya fi burge ni. Babu alƙali. Babu wani cip a madabod ɗin II ko II Plus da ke cewa yau na wane ne. Ladabi ne kawai, irin na banɗakin gidan haya, kafin ka tura ƙofa ka yi gyaran murya.

Kowane kati mai ROM a $C800 yana da ɗan makunninsa na ciki mai tuna a kunne yake ko a kashe. Da an taɓa shafinsa na $Cn00, n ɗin lambar silot ce, sai ya kunna kansa, ya ce to yanzu in an kira $C800 ni zan amsa. Da an taɓa $CFFF kuma, karatu ko rubutu duk ɗaya, kowane kati da ke cikin kwamfutar sai ya saki. $CFFF ɗin shi ne gyaran muryar. Saboda haka famwayar kati mai tarbiyya abun da take fara yi shi ne ta taɓa $CFFF kowa ya fita har da ita, to da yake kod ɗin yana gudu ne a cikin $Cn00 ɗinta, umarni na gaba da firosesa ya ɗauko daga shafin ya sake kunna ta, ita kaɗai ke nan a ciki, sai ta yi tsalle zuwa $C800 hankali kwance.

In wani ya manta bai yi ba? Sai ROM biyu su amsa lokaci ɗaya a kan wayoyin bayanai guda takwas, ɗaya na cewa 1 ɗaya na cewa 0, kamar ka haɗa wutar NEPA da ta janareta a layi ɗaya ba ka canja ba. Ba wai nan take za ta kama da wuta ba, amma firosesa shirme zai karanta, sai ka ji ƙit ka tsinci kanka a monita da alamar tauraro, ko ta daskare gaba ɗaya.

Akwai inda zan leƙa in ga wane kati ne ke riƙe da $C800 yanzu?

A kayan ƙarfen babu. Ba wani rajista da za ka karanta. Abun da aka yi yarjejeniya a kai shi ne duk katin da ya shiga ya rubuta lambarsa, $Cn, a adireshi $07F8, wato 2040. Ɗaya ne daga cikin ramukan da ke ɓoye a RAM ɗin allon rubutu waɗanda ba sa fitowa a sikirin. Amfaninsa lokacin katsewa ne, wato in wata na'ura ta tsayar da firosesa don a biya mata buƙata, a ce katin firinta na tsakiyar aiki a $C900 sai linzami ko modem ya katse firosesa ya ƙwace filin, in ya gama dole a mayar wa mai shi, to $07F8 ake dubawa a ga waye, a taɓa $CFFF, a taɓa shafinsa, a koma. Katin da bai rubuta sunansa ba shi aka fi samun rigima da shi, kuma irin rigimar da ba ta zuwa kullum, sau ɗaya a sati ta zo ta haukata ka.

Kati ya yake sanin silot ɗin da aka soka shi?

Wata dabara mai ban dariya. Famwayar ba ta san ko a $C100 take ko a $C500 ba, don haka ake rubuta ta ba tare da ta ambaci adireshin kanta ba. In tana son sani sai ta yi JSR $FF58, wato umarnin a je $FF58 a dawo. A $FF58 ba komai sai RTS, wato je ka dawo. Amma zuwan ya bar sawu a kan sitak, inda firosesa ke ajiye adireshin komowa, sai ta yi TSX don sanin wurin ta karanta $0100,X ta ga $C6 misali, shi kenan ta gane a silot 6 take. Sai dai in katsewa ta faɗo a tsakani za ta taka sawun, masu hankali suna rufe katsewa kafin su yi.

PR#6 da nake bugawa ita ma canja ROM take yi?

Ba ta canja komai. Karkatar da fitar rubutu kawai take yi, ta sa $C600 a adireshi $36 da $37, harafin farko da aka zo bugawa sai a faɗa cikin famwayar silot 6, ita kuma da yake ta disk ce sai ta tayar da faifai. IN# haka take yi wa shigar rubutu a $38 da $39. Ka shiga monita da CALL -151 ka buga C600G, sakamako ɗaya.

Lokacin kunnawa kuma, daga II Plus zuwa sama, ROM ɗin ciki yana bin silot daga 7 yana saukowa, yana duba bayit huɗu, $20 a $Cn01, $00 a $Cn03, $03 a $Cn05, $3C a $Cn07. Wanda ya fara cika sharaɗin shi ake miƙa wa ragama. Dalilin da ya sa ake sa had disk a silot 7 ke nan, don ya riga faifai na silot 6. A samfurin Apple IIe da aka inganta a 1985 an daina duba na huɗun.

To ina maganar ROM ɗin ciki ya shiga filin katuna? Tun ɗazu katuna ne kawai ke rabo.

Wannan da IIe ya zo, Janairun 1983. An ƙara harafi 80 a layi, an ƙara gwajin kai da kwamfuta ke duba lafiyarta da shi, monita ya ƙara girma, ga 12K na $D000 zuwa $FFFF ya riga ya cika da Applesoft BASIC da monita. Ina za a sa ƙarin? Sai suka mayar da ROM ɗin 16K, ƙarin ya kwanta a bayan katuna daga $C100 zuwa $CFFF, aka sa makunnai na manhaja da ke cewa wa zai fito.

Rubuta komai a $C007, duk filin ya koma na ciki, katuna su yi shiru. Rubuta a $C006, a mayar wa katuna. Karanta $C015, in bit na 7 a kunne yake to na ciki ne ke magana. Akwai kuma na silot 3 shi kaɗai, $C00A na ciki, $C00B na kati, ana duba shi a $C017, amma lura nan juyawa aka yi, bit 7 a kunne na nufin kati ne. Wallahi wannan juyin ya ci min dare guda.

Ƙimar da ka rubuta ba ta da muhimmanci, taɓawar ce. Kuma dole rubutu, in ka yi PEEK a 49158 ko 49159 kibod kawai za ka karanto, ba abun da zai motsa. Monita da kansa yana wannan wasan kullum ba ka sani ba, ya duba $C015 ya ajiye, ya kunna na ciki ya yi aikinsa, ya mayar yadda ya tarar.

Zan iya gwadawa daga BASIC?

Sosai. PRINT PEEK(49173), in ya haura 127 na ciki ne. POKE 49159,0 ka sake dubawa ka ga ya canja. POKE 49158,0 ka dawo.

Ranar da na fara gwadawa na yi POKE ɗin farko, na ga lamba ta canja na ji daɗi, aka kira ni na tashi na dawo na manta. Na buga CATALOG ya fito lafiya lau, don DOS 3.3, tsarin aikin faifai, in ya riga ya hau ba ya komawa famwayar katin, kai tsaye yake magana da na'urar ta bayit 16 ɗin nan, su kuma makunnin bai shafe su ba. Sai na buga PR#6. Maimakon ƙarar faifai sai allo ya rikice da ɗigo-ɗigon launi, ashe $C600 ɗin da na kira ba na katin ba ne, na madabod ne, na faɗa cikin gwajin kai. Na ɗauka na kashe katin. Control da Reset yana mayar da makunnan asalinsu, ba abun da ya lalace.

Me ya sa ake cewa kar a sa kati a silot 3 na IIe?

Gado ne daga zamanin II Plus. Lokacin kowa katinsa na harafi 80, irin su Videx Videoterm, a silot 3 yake sa shi, har manhajoji suka saba PR#3 na nufin harafi 80, Apple Pascal ma can yake nema. Da IIe ta zo da nata a wani dogon silot na daban, sai aka sa famwayar ciki ta yi shigar burtu ta zauna a $C300 kamar kati ce. In akwai katin harafi 80 a dogon silot ɗin, kuma kusan kowa na da shi don shi ne ke kawo ƙarin 64K, to na ciki ne ke riƙe da $C300, katin da ka sa a silot 3 na gaske famwayarsa ba za a ji ta ba.

Amma silot ɗin bai mutu ba. Wuta na zuwa, $C0B0 zuwa $C0BF na aiki. Katin da bai dogara da famwayar $C300 ba zai zauna lafiya, shi ya sa katunan ƙara gudu irin TransWarp suka mayar da shi gidansu.

Na je monita na duba C800 don in kwafi ROM ɗin katina, amma abu ɗaya nake gani ko wane kati na sa. Mene ne?

Famwayar harafi 80 kake kallo. Akwai wani makunni na uku a cikin IIe wanda ba shi da adireshin dubawa, Jim Sather ne ya bayyana shi dalla-dalla a littafinsa na 1985 kan IIe ya kira shi INTC8ROM. Duk sanda aka taɓa $C3xx alhali na ciki ne a wurin, sai ya kunna ya ƙwace $C800 zuwa $CFFF. Wato madabod ɗin tana bin ladabin nan na katuna, taɓa $CFFF ita ma ke kashe ta. To kai kana monita, in harafi 80 na kunne duk harafin da za a nuna maka sai ya bi ta $C3xx, ka ga ke nan kafin ka ga bayit na biyu an riga an ƙwace.

Mafita ka rubuta ɗan kod na inji wanda ba ya buga komai a allo. LDA $CFFF, sai LDA $C200 in katin a silot 2 yake, sai madauki ya kwashe $C800 zuwa sama ya zuba a $2000, bayan ya gama ka duba can a tsanake. Bayit na ƙarshe kar ka yarda da shi, karanta shi ɗin ne ke kashe ROM ɗin.

Shi kuma katin nan mai makunni ja a baya fa?

Wannan wani fage ne daban, na sama, $D000 zuwa $FFFF. Apple II ta farko Integer BASIC ne a ROM ɗinta, II Plus kuma Applesoft. Mai son duka biyun sai ya sayi katin famwaya ya sa a silot 0. Katin yana jan waya ta fil na 32, INH, da ya ja ta ƙasa ROM ɗin madabod sai ya yi gum, na katin ya amsa. Makunnin nan ja yana zaɓar wanda za a farka da shi bayan Reset, manhaja kuma tana canjawa da $C080 da $C081. In ka buga INT ko FP a DOS haka yake yi, ya taɓa makunni ya leƙa $E000, $20 Integer ne, $4C Applesoft.

Katin harshe (Language Card) na 16K da ya zo tare da Pascal hanya ɗaya ya bi, sai dai RAM ne a kansa maimakon ROM. 16K a filin 12K, don haka $D000 ɗin banki biyu ne. Kafin ya yarda a rubuta masa sai an karanta adireshi mara, irin $C081 ko $C083, sau biyu a jere, don kar wani kod da ya ɓata hanya ya goge BASIC da taɓawa ɗaya. A IIe an shigar da katin cikin madabod, silot 0 ya ɓace, adireshin dai suna nan.

IIc ba ta da silot ko ɗaya, ita fa?

Duk na ciki ne, amma an jera su kamar katuna, siriyal a 1 da 2, harafi 80 a 3, disk a 6, don tsofaffin manhajoji kar su gane. Da ROM ɗin ya koma 32K sai aka raba shi gida biyu ana juyawa da $C028.

IIGS ɗina ba ta ganin katin da na sa mata.

Ba lalacewa ba ce. A IIGS ta 1986 kowane silot mutum biyu ke takara, tashar ciki da katinka, kuma ban da silot 7 ta ciki ce ke ci sai ka ce a'a. Danna Control da Open Apple da Esc, shiga Control Panel, wajen Slots, mayar da silot ɗin zuwa Your Card, sannan ka sake tayar da ita. A ƙasa rajista ce a $C02D, bit ɗaya ga silot ɗaya, ban da silot 3 da ke bin tsohon makunninsa. Ka sani dai in ka ba katinka silot 1 ka rasa tashar firinta ta baya, in 5 ne ka rasa faifan 3.5. In kuma kullum sai ka sake saitawa, batirin madabod ne ya mutu, ka cire shi da wuri ma kafin ya zubar da ruwa ya cinye layukan.

Sauran kwamfutocin zamanin haka suke?

Matsala ɗaya, dabara daban. BBC Micro ta Ingila taga ɗaya ta 16K ta buɗe a $8000, ROM har 16 na iya layi, ana rubuta lambar wanda ake so a $FE30, kuma tsarin aikin ne ke zagayawa yana tambayarsu ɗaya bayan ɗaya, can akwai alƙali ke nan. Commodore 64 adireshi na 1 take amfani da shi wajen ɗage BASIC da KERNAL, wato ROM ɗin tsarin aikinta, katirij kuma na jan wayoyin GAME da EXROM, in an ga CBM80 a $8004 a miƙa masa tashi. ZX Spectrum ta fi kowa wayo, Interface 1, na'urar da ake jona mata, tana laɓe tana sauraro, da firosesa ya je ɗauko umarni a $0008, inda ake zuwa in an samu kuskure, sai ta ja ROMCS ta tura nata ROM ɗin. IBM PC kuma BIOS ne ke bi yana neman 55 AA a farkon ROM ɗin kati, har yau katin bidiyo na ɗauke da wannan alamar.

Ba ni da injin, a ina zan gwada?

AppleWin a Windows ya wadatar, yana kwaikwayon makunnan nan duka, F7 ya kai ka wajen bin kod taki-taki kana kallon $C600 yana canja fuska. Abun da emuleta ba zai nuna maka da kyau ba shi ne karon ROM biyu a kan waya, wannan sai ƙarfe na gaske.

In Allah ya sa ka samo ta gaske daga Amurka, karanta bayan akwatin wutar kafin ka jona, yawancinsu na 110 zuwa 120 ne mu kuma namu 230, nemi sitef-dawun tukuna. Kuma kar ka taɓa soka kati ko zare shi tana kunne, fil ɗin wuta mai 12 na maƙwabtaka da na bayanai, ɗan karkacewa kaɗan ya isa.